Idan mota ta mutu a hanya, wa za a kira: ƙungiyar masu motoci ko kamfanin da ya ƙera ta?

Kowace shekara ma'aikatan ƙungiyar ADAC ta Jamus suna fita fiye da sau miliyan 3 domin kai ɗauki ga motocin da suka mutu a hanya. Alƙaluman da ƙungiyar ke fitarwa sun nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗannan motoci matsalar batir ce ta kwantar da su. Ga direban da ya san lambar da zai kira, wannan gyara ne na ƴan mintoci. Wanda ba shi da kowa kuwa, yana iya rasa aikin yini guda, ya kuma biya kuɗi masu nauyi.

A manyan hanyoyin Faransa da ake biyan kuɗin wucewa, alal misali, ba a yarda direba ya kira makanikin da ya ga dama ba. Motocin janwe da aka amince da su ne kaɗai ke shiga, kuma gwamnati ce ke yanke farashinsu. Ga ƙaramar mota kuɗin ya kusa Yuro 150, wato kimanin sefa dubu 98, sannan ana ƙara rabin wannan kuɗi da dare da ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Shi ya sa a Turai da Amurka mai mota yakan tanadi wanda zai kira tun kafin matsala ta afku. Hanyoyi biyu ne suka fi shahara: shiga ƙungiyar masu motoci ana biyan kuɗin shekara, ko dogaro da agajin da kamfanin da ya ƙera motar ke bayarwa tare da ita. Batun ya shafi Hausawa mazauna Faransa da Beljiyam da Jamus da Birtaniya da Amurka, waɗanda da yawansu da mota suke neman abinci. Ya kuma shafi masu sayen motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ke tarar da lambar wayar agaji manne a gilashi ko a cikin littafin mota, su ɗauka tana da sauran amfani a Kwatano ko Garwa ko Kumasi.

Yadda ƙungiyoyin suka samo asali

Ƙungiyoyin masu motoci sun girmi yawancin kamfanonin motar da ake gani a yau. ANWB ta Holan ta soma a 1883 a matsayin ƙungiyar masu kekuna. Touring ta Beljiyam ta zo a 1895, RAC ta Birtaniya a 1897, AAA ta Amurka a 1902 a birnin Chicago. ADAC ta soma a 1903 a Stuttgart, kuma masu babura ne suka kafa ta. AA ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1905, aikinta na farko shi ne aika ƴan sintiri a kan kekuna su gargaɗi direbobi inda ƴan sanda suka ɓuya suna kama masu gudu.

Tushen tsarin bai bambanta da na asusun taimakon juna ba. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan kowace shekara, a ɗauki makanikai aiki, a saya masu motoci da kayan gyara, duk wanda motarsa ta tsaya a kai masa ɗauki. A yau ADAC tana da mambobi fiye da miliyan 21, Jamusawa kuma suna yi wa ma'aikatanta laƙabi da mala'iku masu ruwan ɗorawa saboda launin motocinsu. AAA tana da fiye da miliyan 60 a Amurka da Kanada.

Sai dai sunan ƙungiya yana iya ruɗar mutum. ADAC har yanzu ta mambobinta ce, amma AA da RAC sun daɗe da zama kamfanonin kasuwanci. A 1999 mambobin AA suka amince a sayar da ita ga kamfanin Centrica kan fam biliyan 1.1, a shekarar ce kuma aka sayar da sashen agaji na RAC. Don haka wanda ya shiga ɗayansu a yau abokin ciniki ne, kuma kuɗin da aka yanke masa a shekarar farko yakan ƙaru idan lokacin sabuntawa ya zo. A Birtaniya mutane da dama sukan buga waya su yi ciniki kafin su sabunta.

Agajin kamfani: kyauta mai sharaɗi

Wanda ya sayi sabuwar mota a Turai ko Amurka, kusan ko da yaushe ana haɗa masa da agajin kan hanya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Tsawon lokacin ya danganta da kamfani da kuma ƙasa. A Amurka, Toyota tana ba da shekara 2, Honda shekara 3 ko mil 36,000, Ford shekara 5 ko mil 60,000, wato kimanin kilomita 96,000, duk wanda ya riga cika. Hyundai tana ba da shekara 5 ba tare da ƙayyade nisa ba.

A Turai kamfanoni da dama sun ɗaura agajin da sabis ɗin mota. Mercedes-Benz tana da tsari mai suna Mobilo, wanda ke aiki shekara biyu na farko, daga nan kuma yana sabunta kansa duk lokacin da aka kai motar sabis a garejin da kamfanin ya amince da shi, har zuwa shekara 30. Volkswagen tana da irin wannan tsari a Jamus. Wanda ya tsallake sabis ɗaya, ko ya kai motar wurin makanikin unguwa, agajin yakan tsaya har sai ya dawo garejin kamfani.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin mota da dillalansa suna samun riba mai yawa daga sabis da sayar da kayan gyara, kuma agajin kyauta hanya ce ta riƙe mai mota ya ci gaba da zuwa wurinsu bayan motar ta tsufa. Kuɗin aiki a garejin kamfani ya fi na gareji mai zaman kansa tsada a yawancin lokuta. Saboda haka lissafin da ya kamata mai mota ya yi shi ne ya duba bambancin kuɗin sabis tsakanin garejin biyu a shekara, ya gwada shi da kuɗin shiga ƙungiya. Idan bambancin ya fi kuɗin ƙungiya yawa, to agajin da ake kira kyauta ya fi na saye tsada.

Mutum aka yi wa rajista ko mota?

Wannan shi ne babban bambanci tsakanin tsare-tsaren biyu. Agajin kamfani na mota ne. An ɗaura shi da lambar jikin motar, duk wanda ke tuƙa ta da izinin mai ita yana iya kira, kuma idan aka sayar da ita kafin wa'adi ya cika, yawanci sauran lokacin yana bin ta zuwa hannun sabon mai ita. Amma ranar da mai motar ya ari motar ɗan'uwansa ta mutu masa a hanya, wannan lambar ba za ta yi masa amfani ba.

Rajistar ADAC da ta AAA ta mutum ce. Mamba yana iya kira ko da ba motarsa yake tuƙawa ba, kuma a tsarin AAA ko fasinja ne a motar wani yana da damar kira. AA da RAC kuwa suna sayar da nau'i biyu, na mutum da na mota, mai saye ne zai zaɓa.

Abin da wannan ke nufi a aikace yana da sauƙi. Gidan da ke da mota ɗaya da direbobi uku, maigida da uwargida da babban ɗa, rajistar mota ta fi yi masu daidai. Mutum ɗaya mai tuƙa motoci daban-daban, ko mai yawan canza mota kamar masu saye da sayarwa, rajistar mutum ce ta dace da shi.

Ina za a kai motar?

Tsare-tsaren biyu sun kuma rabu a kan abin da ke faruwa bayan ma'aikacin agaji ya iso. Ƙungiya ribarta ita ce a gyara motar nan take a bakin hanya, domin jan mota ya fi gyaranta tsada a wurinta. RAC takan ce ma'aikatanta suna gyara motoci huɗu cikin kowane biyar a inda suka tsaya. Idan gyaran ya gagara, nisan da za a ja motar ya danganta da matakin da mutum ya biya. Matakin farko na RAC yana kai mota gareji a cikin mil 10, wato kilomita 16. Wanda yake so a kai shi da motarsa da fasinjojinsa har gida, ko ina yake a cikin ƙasar, sai ya biya mataki na gaba. A Amurka ƙaramin matakin AAA yana jan mota ƴan mil kaɗan, matakin Plus har mil 100, matakin Premier kuma sau ɗaya a shekara har mil 200. Yawanci mamba yana da damar kira sau huɗu a shekara.

Agajin kamfani shi kuma yakan kai motar garejin kamfanin mafi kusa. Ga sabuwar mota wannan alheri ne: gyaran yana cikin garanti, akwai na'urar binciken da ta dace da motar, kayan gyara na asali ne, kuma sau da yawa ana ba mai ita motar aro na ƴan kwanaki ko a biya masa otal ko tikitin jirgin ƙasa. Ga motar da garantinta ya ƙare kuwa, janwe kyauta ne amma gyaran daga aljihun mai mota zai fito, a farashin garejin kamfani. Idan ya ce bai yarda ba, kuɗin ɗauke ta daga can zuwa wurin makanikinsa a kansa yake.

Masu motocin lantarki suna da dalili na musamman na riƙe lambar kamfani. Yawancin irin waɗannan motoci ba a jan su tayoyinsu na gurzar ƙasa, domin hakan yana iya lalata injin, sai dai a ɗora su bisa motar ɗauka. Kuma ba kowane gareji ke da ma'aikacin da aka horar ya taɓa babban batir ba. Su ma dai ƙaramin batir mai bolt 12 ne ya fi yawan kwantar da su, kamar sauran motoci, kuma wannan kowane ma'aikacin ƙungiya yana iya tayar da shi.

Garanti daban, agaji daban

Mutane da yawa suna haɗa waɗannan biyu, alhali takardu ne mabambanta. Garanti alƙawari ne cewa kamfani zai gyara abin da ya lalace saboda kuskuren ƙira. Agaji alƙawari ne cewa za a zo inda motar ta tsaya. Wa'adinsu ba lalle ya zama ɗaya ba. Kia tana ba da garantin shekara 7 a Turai, amma a Birtaniya agajin kan hanya da take haɗawa da sabuwar mota na wata 12 ne. Mai irin wannan mota a shekara ta huɗu yana da haƙƙin a gyara masa giyar da ta lalace kyauta, amma kai motar gareji yana iya zama aikinsa.

Doka ma ta raba su. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2010 kan kasuwar gyaran motoci ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi sabis a gareji mai zaman kansa, matuƙar an bi jadawalin kamfanin an kuma yi amfani da kayan da suka dace. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 tana ba da irin wannan kariya. Amma ƙarin alherin da kamfani ya ɗora bisa son ransa, kamar agajin da ke sabuntuwa shekara-shekara, ko tsarin Toyota Relax mai tsawaita garanti har motar ta kai shekara 10, kamfanin yana da ikon cewa sai an yi sabis a wurinsa. Mai mota da ke kai ta wurin makanikinsa ya adana rasit ɗin kowane sabis domin kare garantinsa, ya kuma sani cewa agajin kan hanya sai ya nemo shi daga wani wuri.

Akwai kuma maɓallin gaggawa da ke saman gilashin gaba a sababbin motoci. Tun daga ƙarshen Maris na 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin samfuran motoci na'urar da ke kiran lamba 112 da kanta idan an yi hatsari. Wannan na ceton rai ne, ƴan kwana-kwana da motar asibiti yake kira. Wasu kamfanoni suna sa maɓalli na biyu a kusa da shi domin matsalar inji. Danna na farko saboda taya ta yi faci ɓata lokacin masu ceto ne.

Abin da ba a biya

Duka tsare-tsaren biyu suna da abubuwan da suka keɓe, kuma a nan ne aka fi samun rigima. Kuɗin kayan gyara ba ya cikin rajistar ƙungiya. Ma'aikacin zai zo kyauta, amma sabon batir ko sabuwar taya mai mota ne zai biya. A Birtaniya ƙaramin matakin AA da RAC ba ya aiki idan motar ta ƙi tashi a ƙofar gida ko a cikin rubu'in mil daga gida, wato kimanin mita 400. Sai an sayi ƙarin mataki, alhali batir ya fi mutuwa da safe a ƙofar gida, musamman lokacin hunturu.

Matsalolin da direba ya jawo wa kansa, kamar ƙarewar mai, zuba fetur a motar gas, ɓatan makulli ko kulle shi a ciki, ƙungiyoyi sukan zo dominsu. A ɓangaren kamfanoni abin ya bambanta, wasu suna zuwa, wasu sun taƙaita agajinsu ga lalacewar motar kanta. Faci ma ya zama babban lamari, domin sababbin motoci da yawa ba sa zuwa da safaya, sai ƴar kwalbar gam da famfo, waɗanda ba sa maganin tayar da ta yage.

Abu mafi muhimmanci ga masu neman abinci da mota shi ne sharaɗin haya. Yarjejeniyoyi da yawa da aka tsara domin motar gida ba su haɗa da motar da ake ɗaukar fasinja ko kai saƙo da ita don kuɗi ba. Mai tuƙa tasi ko Uber ko Bolt, ko mai rarraba kaya, ya faɗi sana'arsa tun ranar rajista ya nemi tsarin ƴan kasuwa. Idan ya ɓoye, ranar da ya fi buƙatar agaji ce za a iya ce masa babu. Haka nan wanda ya jira sai da motarsa ta mutu sannan ya buga waya zai shiga ƙungiya, ana karɓarsa amma da ƙarin kuɗi, kuma wasu matakan sai bayan awa 24 suke soma aiki.

A Faransa akwai hanya ta uku

Mazauna Faransa ba su cika dogaro da ƙungiya ba kamar maƙwabtansu na Jamus ko Holan. A can yawanci agajin yana zuwa ne a cikin inshorar mota, kuma kamfanoni irin su Europ Assistance, wanda aka kafa a 1963, da Mondial Assistance da IMA na birnin Niort ne ke amsa waya a madadin kamfanonin inshorar.

Sharaɗin da ya fi kama mutane a nan shi ne na nisa. Yarjejeniyoyi da yawa ba sa turo janwe don lalacewar mota sai ta tsaya a wuri mai nisan kilomita 50 ko fiye daga gida. Mai zama a Saint-Denis da ke aiki a cikin Paris, duk zirga-zirgarsa ta yau da kullum tana cikin da'irar da ba a zuwa. Maganin wannan shi ne ƙarin da ake kira agajin sifiri kilomita, wanda ke aiki har a ƙofar gida. Agajin kamfanin mota ma yakan cike wannan giɓi muddin wa'adinsa bai ƙare ba.

A kan babbar hanya mai kuɗin wucewa kuwa, ko wane tsari mutum yake da shi, matakin farko ɗaya ne: ya sa rigar haske, ya fitar da fasinjoji ta ɓangaren da ba na motoci ba su tsaya bayan shingen ƙarfe, ya kira ta wayar gaggawa mai ruwan lemo da ke bakin hanya duk kilomita 2, ko ya buga 112. Bayan janwen da aka amince da shi ya fitar da motar ne mai agajinsa zai karɓi ragamar, ya biya ko ya mayar masa da kuɗin gwargwadon yarjejeniya. Ya kamata ya sanar da mai agajin tun da wuri, ya kuma riƙe rasit.

Wani abin lura shi ne biyan kuɗi sau biyu. Mutum yana iya zama yana da agaji a cikin inshorarsa, da wani daga kamfanin mota, da na uku a cikin asusun banki mai kuɗin wata kamar yadda wasu bankunan Birtaniya ke yi, sannan ya je ya ƙara shiga ƙungiya. Kafin sayen sabo, gara a zauna a duba takardun da ke hannu.

Mota ɗaya, riga biyu

Kamfanonin ƙera motoci ba su da rundunar makanikai da ke yawo a kowace hanya. Kwangila suke bayarwa. A 1991 manyan ƙungiyoyin Turai, ciki har da ADAC da AA da ANWB da Touring da TCS ta Suwizalan, suka kafa wani kamfani na haɗin gwiwa mai suna ARC Europe a Brussels domin karɓar irin wannan aiki daga masu ƙera motoci. Saboda haka direban da ya kira lambar kamfanin motarsa a Jamus yana iya ganin motar ADAC ce ta zo. A Birtaniya ma AA da RAC ne ke bayan agajin kamfanoni da dama.

Wannan ya nuna cewa gardamar wa ya fi ƙwararrun makanikai ba ta da wani nauyi, tunda sau da yawa mutum ɗaya ne ke zuwa. Abin da ya bambanta shi ne umarnin da ke cikin takardar aikinsa: inda zai kai motar, nisan da zai yi, da wanda zai biya motar aro.

Idan motar ta tsallako Afirka

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin da aka yi amfani da su miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Unguwar Heyvaert ta Brussels da tashar jirgin ruwa ta Antwerp sun daɗe suna cibiyar wannan kasuwanci zuwa Kwatano da Lome, abin da ya sa Hausawa ke kiran irin waɗannan motoci Beljiyam.

Kowace yarjejeniyar agaji tana da jerin ƙasashen da take aiki a cikinsu. Ƙaramin matakin ADAC na cikin Jamus ne, matakin Plus ne ke kai ɗaukin mota a sauran Turai. Agajin kamfanoni ma na yankin da aka sayar da motar ne. Da zarar an soke rajistar mota an ɗora ta a jirgi, lambar da ke manne a gilashinta ta zama tarihi. Dillalin da ya ce wa mai saye motar tana da sauran agajin kamfani, a nemi ya nuna takarda daga wakilin kamfanin na ƙasar da ake ciki. Masu tuƙo mota ta ƙasa daga Turai su biyo Spain da Maroko su ma su duba jerin da kyau. Maroko da Tunisiya suna cikin tsarin koren katin inshora na Turai, amma Muritaniya da ƙasashen da ke kudu da ita ba sa ciki, kuma shi kansa koren katin diyyar hatsari yake tabbatarwa, agajin janwe yarjejeniya ce dabam.

Haka lamarin yake ga katunan yankin. Katin inshora mai ruwan ƙasa na CEDEAO ko ECOWAS, wanda aka kafa a 1982, da kati mai ruwan hoda na ƙasashen CEMAC irin su Kamaru da Chadi, aikinsu shi ne biyan diyya ga wanda direba ya yi wa ɓarna a wata ƙasa. Inshorar dole da dokar CIMA ta wajabta a ƙasashe masu amfani da sefa ita ma ta wanda aka cutar ce. Babu ɗayansu da zai turo janwe idan lagireto ya fashe tsakanin Ngaundere da Garwa. Wasu kamfanonin inshora na yankin suna sayar da jan mota a matsayin ƙari, kuma mai saye ya tambayi iyakar kilomita da ko yana aiki bayan an tsallake iyaka.

Wanda ya sayi sabuwar mota daga wakilin kamfani na hukuma, kamar CFAO mai sayar da Toyota a ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka, ya nemi a rubuta masa ko garantin ya haɗa da ɗauko motar daga inda ta tsaya, da kuma nisan da ake zuwa daga gari. Ƙungiyoyi irin na Turai masu tsohon tarihi suna nan a gabashi da kudancin nahiyar, AA ta Kenya tun 1919, ta Afirka ta Kudu tun 1930. A hanyoyin da Hausawa suka fi bi kuwa, aikin ya fi faɗawa kan ƙungiyoyin direbobi na tasha, da makanikin da ake ɗaukowa a babur, da direban motar haya da ake ba saƙon kayan gyara. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da lambar gaggawa 122 da motocin janwe, sai dai aikinta ceto ne da kawar da abin da ya tare hanya, gyaran mota ba ya ciki.

Wanne ya dace da wa?

Mai sabuwar mota da ke cikin wa'adin agajin kamfani, wanda ita kaɗai yake tuƙawa, ba shi da buƙatar biyan ƙungiya, sai dai ya rubuta ranar da wa'adin zai ƙare. Mai motar da ta yi shekaru amma yake kai ta garejin kamfani ko da ma babu agaji, ya tambaya ko sabis ɗin yana sabunta masa agajin, ya kuma tabbatar an sa masa shaidar hakan. Mai tsohuwar mota da ke da amintaccen makanikinsa, wanda shi ne halin yawancin baƙi a Turai da Amurka, ƙungiya ko ƙarin inshora ne ya fi dacewa da shi, a matakin da zai kai motar inda shi ya zaɓa. Mai yawan tafiya tsakanin ƙasashe, kamar daga Brussels zuwa Hamburg ko Lyon, ya duba matakin da ke aiki a waje, wanda ya haɗa da dawo da mota da fasinjoji gida.

Ko wanne mutum ya zaɓa, tambayoyi shida ne ya kamata ya samu amsarsu a rubuce kafin ya biya: yaushe agajin zai soma kuma yaushe zai ƙare, mutum ya rufe ko mota, yana aiki a ƙofar gida, kilomita nawa ake jan mota kuma wa ke zaɓen gareji, waɗanne ƙasashe ya ƙunsa, sannan ya yarda da motar haya ko bai yarda ba. Lambar kiran kuma a ajiye ta a cikin waya, a kuma rubuta ta a takarda a sa a aljihun gaban mota tare da lambar rajista, domin waya ma cajinta yana ƙarewa a hanya.